Kitson Anti Mai Tabarau

Mai kitson layin nan ba ta zuwa coci, kuma ba ta ɓoye ba. Lahadi ce ranar da take wanke tawul ta miƙe ƙafa. Da matan coci suka fara kafa rumfa ran Asabar a filin bayan shagonta, suna tara yaran unguwa ana waƙa ana labari, ta bar autarta ta je. Ai gara haka da ta yini tana zubar mata da man gashi.

Asabar ta biyu Auta ta dawo da kitso a kai. Kitso! Ga tsaga ta karkace, ga jela ɗaya ta fi ɗaya kauri.

"Wa ya yi miki wannan aika-aikar?"

"Anti Mai Tabarau," in ji Auta, tana ta juya kai gaban madubi, baki har kunne.

Matar da ke kan kujera ta tuntsire da dariya. "Maman Auta, ashe an yi miki ƙwacen kwastoma!"

Ita ma ta yi dariyar, amma kishi ya kama ta. Kan amare nawa ya bi ta hannun nan? A ce 'yar cikinta tana yawo da jagwalgwalon wata, har tana taka-tsantsan kada ya lalace! Gaskiya dai rabonta da taɓa kan yarinyar an kwana biyu. Kullum sai an jima, sai an gama da wannan.

Daga nan kuma ba ta da sakat. Anti ta ce a wanke hannu. Anti ta iya muryar zaki. Anti, Anti, har kunne ya gaji.

Ran Juma'a ta sallami masu jira, ta dasa Auta a babbar kujera, ta tsefe shirmen nan tas. Ta zuba mata kitso ƙanana, tsaga kamar an sa zare, tana yi tana amsa waya da kafaɗa. Duk wanda ya leƙo sai ya yaba. To, Antin ta zo ta ga yadda ake yi.

Washegari, ana ɗaura rumfa, ta nemi matajinta mai tsini ta rasa. Ta ɗaga labulen bayan shago. Ga Auta a tsugune, ta warware rabin kai, gashi ya tashi buzu-buzu.

"Ke! Kin haukace ne? Aikin yini guda!"

Yarinyar ta ɓoye matajin a bayanta, ido ya ciko.

"Mama, yana da kyau fa. Amma in Anti ta ga an riga an yi min, wata za ta ɗora a cinyarta."