Akwatin da Arzika Ya Ƙi Rufewa

A kakar gyaɗa ta 1956, wani Bafaranshe mai sayen gyaɗa a Maraɗi ya sauke akwati a rumfar Arzika kafinta, nan bakin iyakar Jibiya. Murfin ya tsage a mota, yana so a gyara kafin ya wuce Kano ya hau jirgi. A ciki akwai zanen hoton wata tsohuwa mai baƙin ɗankwali.

Arzika bai gama auna katako ba sai ga Madam Hanna, nas ɗin asibitin Maraɗi, ta diro daga mota tana haki.

Ta ce da Hausarta ta Maraɗi, "Malam Arzika, kar ka rufe! Zanen kakata ne a ciki. Mu Yahudawa ne. A yaƙin Hitila sojan Jamus suka kwashe iyayena, suka wawashe gidanmu a Faris, ni kaɗai na tsira. Shekaranjiya na gan shi a falon mutumin nan. Duba bayansa, akwai sunan ubana."

Bafaranshen ya zaro takarda, ya ce a kanti ya saya lokacin yaƙin.

Arzika ya ce, "Shi mai kantin, a hannun wa ya samu?"

"Ba ruwanka! Buga ƙusa!"

"Bature, mu nan ko akuya ka saya, mai ita ya gane ta, ba ka tafiya da ita sai an nemo wanda ya sayar."

Ya aje guduma, ya hau akwatin ya harɗe ƙafa. Bafaranshen ya rantse kamfaninsu ya daina ba Arzika aiki, ya kira 'yan doka. Arzika ya ce sai dai a ɗauke shi da akwatin. Jama'a suka taru, masu awon hatsi da direbobi, har hanya ta toshe. Dole aka kai zanen ofishin Di'o, Baturen mulki, a Katsina.

Arzika ya kwana uku a tsare, aikin kamfani kuma ya tafi ke nan. Ya koma yin ƙofofi da kujeru yana kai wa kasuwar Magama.

Shekara biyu takardu na kai-komo tsakanin Katsina da Faris kafin a miƙa wa Madam Hanna zanen. A ɗakinta na Maraɗi ta rataye shi. Duk matar da ta shigo gaisuwa ta tambayi wace ce a zanen, sai ta zaunar da ita, ta faɗa mata sunayen danginta ɗaya bayan ɗaya.