Ledar Jinin Fredrick

Leda ɗaya ta jini Fredrick ke bin Mu'az, shi kuwa Fredrick ɗin yana ƙarƙashin ƙasa.

Inna Yelwa ba ta san da zancen ba sai ranar da ta tare ɗan nata Mu'az a zauren gidansu na Pantami, ta naɗe masa hannun riga. Duk sawun allura ne, sabo kan tsoho. Likitan soja ne, mai yin tiyata cikin tanti can bakin daga, amma tun da ya dawo kullum ɗashewa yake yi.

"Allurar maye ka fara?"

"Jini nake bayarwa, Inna."

"Wane asibitin ke ta ɗibarka haka?"

"Canzawa nake yi. In nan sun gane ni, sai in koma can."

Da ƙyar ta tatso sauran. Fredrick direban motarsu ne, mai kwaso waɗanda aka harba. A tantin nan in jini ya ƙare, ma'aikata ke kwanciya a ɗebi nasu. Ran nan da safe Fredrick ya bayar, ya tashi yana tsokanar Mu'az wai sai ya saya masa tsire. Kafin la'asar motarsa ta taka nakiya. Aka shigo da shi tare da wani soja, Salahuddeen, ga leda ɗaya tak ta rage, da sunan Fredrick a jikinta. Mu'az ya duba cikin wannan, ya duba na wancan, ya san wanda zai tashi. Ya rataya wa Salahuddeen.

"Fredrick idonsa biyu, Inna. Yana kallon sunansa a jikin ledar. Har yau in na sa hannu a ruwa sai in ga yana kallo."

Inna ta gyara mayafi. "Ko dam ɗin Dadin Kowa ka cika da jini ba ka biya ba, tunda ba mai shi ka bai wa ba. Yana da uwa?"

"Tana unguwar Hammadu Kafi."

"Ɗauko makullin mota."

Suka same ta a tsakar gida tana tsince wake, wata 'yar Tangale mai furfura. Bayan gaisuwa Inna ta ce, "Maman Fredrick, bashi muka zo biya. Ga wanda kike bi."

Mu'az ya durƙusa ya faɗa mata, bai rage komai ba. Hannunta bai bar cikin waken ba.

"Da ka sa masa, da ya tashi?"

"Da wuya, Mama."

"Da wuya, ko a'a?"

Inna ta so ta amsa a madadin Mu'az, ta ga ba huruminta ba ne.

Can matar ta ture tiren. "Wancan ɗin da ka sa wa fa, yana raye?"

"Yana unguwar Kumbiya-Kumbiya. Har ya yi aure."

Ta shiga ɗaki ta fito da ɗankwalinta na zuwa coci.

"Naka jinin ka riƙe abinka, ba ni da inda zan zuba shi. Kai ni wajensa. Hannunsa kawai zan riƙe."

A mota gaba ta zauna. Inna na baya tana kallon ƙeyar ɗanta, ta lissafa ta sake lissafawa, ta kasa gane ko an biya.