Janaretan Baba Zakariyya'u

Ranar rabon gadon Baba Zakariyya'u, Nuhu ya sha farar shadda ya hakimce kusa da Malam mai rabon a tsakar gidansu na Makera. Shi ne babba, shi za a damƙa wa kason ƙannensa biyu marayu ya riƙe har su girma. Abin da yake ta jira ke nan.

Malam ya bi dukiyar dalla-dalla: gida, gonar Kakau, har buta da darduma. Ya tambaya ko marigayi ya bar wasiyya, aka ce babu. Maimuna, mai bi wa Nuhu, ta ce, "Da har da janareta, sai aka sace ranar sadakar uku."

"Mutane ba tsoron Allah," in ji Nuhu, har da girgiza kai. Alhali shi ya fitar da shi maza suna masallaci, ya kai Kakuri ya sayar wa Chibuike bakanike.

Ana haka sai ga keke napep ya tsaya a ƙofa. Chibuike ne, yana nishi da janaretan. Ashe da ya buɗe shi ya ga gyaran hannunsa, ya gane na tsohon da ya fara ba shi rumfa ne. Ya kuma daɗe cikin Hausawa, ya san ba a taɓa ko allurar mamaci kafin rabo. Bawan Allah, rufin asiri ya zo yi.

"Sannu, Hajiya, sorry o," ya ce wa mahaifiyarsu. "Oga Nuhu ya kawo gyara. Na gyara, ba kuɗi. Baba na my papa."

Nuhu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Gumi ya jiƙa shaddar. Ga ƙannen nan sun zuba masa ido. Da duka aka rufe shi da shi, da ya fi masa sauƙi.

Hajiya Saratu ba ta ko dube shi ba. Ta sa wa Chibuike albarka, ta ce a ba shi ruwa.

Malam ya gyara murya. "To, kason yara. Nuhu ne zai..."

"Malam," Hajiya ta ce a hankali, "a ba Maimuna ta riƙe."