Taku Ɗari Biyu Sama da Bututu

Yana tsaye cikin laka har gwiwa, ya tara kwalba a bakin bututun da ke amayar da ƙazantar gari cikin kogi, sai wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Baban yara, ka ga hoton da ke yawo? Yaron nan da ka koya wa riƙe kwalba an ba shi lambar gwarzon ma'aikaci. Har da kwat ya sa."

"Na gani."

"To, ni dai na ce ko sunanka ne ya yi musu wuyar rubutawa."

Ya kashe wayar. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana ɗebo wa hukumar tsabtar ruwa samfurin gwaji, har abokan aiki suka laƙaba masa Mai Kwalba. Ƙa'idar aikin ɗaya ce, a ɗebo a bakin bututu. Shi yana bin ta, sakamakonsa kullum ba kyan gani, sai a jefa shi cikin durowa. Yaron kuwa, da ake kira Ɗan Gayu, tun watansa na farko ya gano cewa taku ɗari biyu sama da bututun akwai wani faffaɗan dutse, ruwan wurin garau. Shekara uku kacal, ga shi da ofis mai sanyi, ana ma raɗe-raɗin shi za a ba kujerar shugaban sashe.

Kujerar nan ce ta tsaya wa Mai Kwalba a maƙogwaro.

Wani tsoho mai lambu a gefen kogin ya dogara fartanyarsa. "Ma'aikaci, wai wannan abin namu da kake kwasa duk mako kana kai wa gwamnati, me take yi da shi? Tarawa take?"

"Nazari take yi, Baba."

"Allah Ya ba ta fahimta. Jikokina biyu dai suna asibiti ana ƙara musu ruwa."

Mai Kwalba ya ce Allah Ya sawwaƙe. Ya zubar da abin da ya ɗebo, ya zaro sabuwar kwalba, ya nufi sama yana ƙirga taku. Bai waiwayo ba. Dutsen na nan, ko jiƙa ƙafa mutum ba ya yi.

A ofis, Darakta ya ɗaga kwalbar saitin taga kamar mai cinikin turare.

"Yanzu ka fara girma. Ga fom, sa hannu cewa a bakin bututu ka ɗebo. Jibi kwamitin bincike zai zo kan yaran nan masu gudawa. Sun ce ba sa son takardar Ɗan Gayu, wai ta cika kyau. Taka suke so. An san ka da taurin kai, hannunka yana da daraja."

Wani daɗi ya ratsa Mai Kwalba. Ya cire murfin biro. "Ranka ya daɗe, ke nan ni zan gabatar musu?"

"A'a, aikin shugaban sashe ne. Takardar naɗin Ɗan Gayu ta fito da safe. Ba ka taya shi murna ba?"

Ta ƙofar da ke buɗe Mai Kwalba ya hango masinjoji biyu ɗauke da kujera mai juyawa, Ɗan Gayu na biye yana cewa su yi hankali da fatar.

Ya mayar da murfin biro.

"Ranka ya daɗe, ba a bakin bututu na ɗebo ba."

"Na sani mana."

"Zan koma in ɗebo a can, kuma da hannuna zan miƙa wa kwamiti."

Darakta ya daɗe yana dubansa. "Ban taɓa ganin mai tsoron Allah irinka ba. Ka dai san cikin takalmin roba za ka yi ritaya?"

A cikin bas ɗin komawa kogi, sabuwar kwalba a cinyarsa, ya yi ta lalube a zuciyarsa ko zai sami wani dalili mai kyau da zai faɗa wa matarsa. Duk inda ya juya, fuskar sabon shugaban sashe kawai yake gani a gaban kwamiti, gumi na sauka cikin wuyan kwat. Ya gyara zama, ya ce wa direba ya ɗan ƙara wuta.