Rabon Silvanus a Gonar Andrawus

Shekarar ƙarin albashin Udoji na bar aikin reluwe a Kafanchan na koma ƙauyenmu kusa da Zonkwa, da tumbi, da agogon hannu, da tafin hannu mai laushin burodi. Na shiga gayyar unguwarmu. Maza goma sha ɗaya ne har da ni, yau a nome gonar wannan, jibi ta wancan, har a zagaye kowa.

Ana shirin damina sai ga Silvanus ya dawo. Shekara uku baya an nome masa gona a gayya, washegari ya hau jirgin Fatakwal bai taɓa gonar kowa ba. Yanzu ga shi a gindin mangwaro da garma a kafaɗa, yana so a sake ɗaukarsa.

Dattijo Andrawus, shugaban gayya, ya ce, "Doka ba ta canja ba. Wanda ya taɓa gudu, sai wani ya tsaya masa. In ya sake gudu, wanda ya tsaya shi zai yi rabonsa a duk gonar da ta rage. Wa zai tsaya?"

Kowa ya shiga duban yatsun ƙafarsa.

"Ko kai, Malam Zamani?" Ya yi dariya. "Kai da naka rabon ma sai mun haɗa da addu'a."

Da na so in ce tausayi ne ya kama ni. Dariyar ce ta ci ni. "Na tsaya masa," na ce.

A gida Lucia matata ta ajiye muciya. "Baban Hellen, kai da alƙalami ma kanta yake yi maka?"

Gona bakwai Silvanus ya yi, kuma aikin ƙato ya yi. Kan in kai tsakiyar kunya ya gama tasa ya juyo ya tarye ni. Na fara tafiya majami'a da ɗaga kai.

Ta takwas gonar cittar Andrawus ce. Rana ta fito, ba Silvanus. Rufus maƙwabcinmu ya ce jiya ya gan shi a tasha da akwati.

Andrawus ya auna gona da ƙafa, ya kafa itace kashi goma sha biyu. "Ga naka, Malam. Ga na mutuminka." Sai ya sassauta murya, amma yadda kowa zai ji. "Mu ba mugaye ba ne. Ka ce a gaban jama'a ka yi wauta, mu raba nasa a tsakaninmu. Bayan wannan saura gona huɗu fa."

Na dubi kashi biyun. Sun yi mini tsawon titin jirgi.

"Baba, gona nawa kuka ce zai yi kafin ya gudu?"

"Ko ɗaya."

"Ya yi bakwai. To wa ya fi kusa da gaskiya, ni ko ku?"

"Ji shi! Lissafin ofis zai yi mana. Garma ba ta jin Turanci."

"Ni na tsaya masa. Kada wanda ya taɓa min rabo."

Azahar ta yi sauran suka gama, suka zauna inuwa suna shan kunu suna kallona kamar majigi. Tafina ya fashe, na cire singileti na naɗe shi. Rufus ya taso da garmarsa a hankali.

"Koma ka zauna."

"Haba ɗan'uwa, kunya biyu kawai."

"Na ce koma."

Lucia ta zo da ruwa a ƙwarya, ta dubi hannuna, ta juya ta dubi mazan da ke inuwa har suka daina dariya. Ba ta ce in bari ba.

Rana na gab da faɗuwa na kai ƙarshe. Kunyoyin sun karkace kamar tafiyar mashayi, amma an yi su. Andrawus ya bi su ɗaya-ɗaya yana neman abin faɗa.

"Jibi gonar Rufus," ya ce. "Kashi biyu."

"Na ji. Ku dai ku zo da wuri, ba na son jira."