Ruwan Dakta Giɗaɗo

Zazzaɓi ya kwantar da ni bayan azahar, ni kaɗai a ɗakin da muke mu huɗu. Tun da na gayyato Dakta Giɗaɗo ya yi wa ƙungiyarmu ta ɗalibai lacca, sauran ukun suka kwashe kwanukansu suka koma cin abinci wani ɗaki. Mutumin cewa yake yi manoma ne suka cinye burtali, hanyar shanu. Mu kuwa 'ya'yan manoma ne, ni ma shanu sun taɓa share wa babana gonar dawa tas. Hukumar makaranta ta zame jikinta ta bar ni da zaɓi: ko in soke laccar, ko in tarbe shi da la'asar. Ina ta juya abin a raina har ƙarar fanka ta fara yi min nisa.

Sai ga ni a babban ɗakin taro. Kujerun duk sun tsiro da kunnuwa, kowane kunne an danna masa auduga. Na yi sallama, ko ɗaya ba ta amsa ba. Kaɗaici ya rufe ni, na ji kamar in zauna a ƙasa in yi ta kuka.

Makirufo ya sunkuyo daga kan mumbari ya ce, "Kai ma tsohuwar maganar ka kawo min? Shekara da shekaru ita kaɗai ake ɗura min. Na ƙoshi."

Kafin in buɗe baki dawa ta faso siminti, ta yi tsawo har ta ɗage rufin. Daga cikin karan sai ga kakata Iya Kande, riƙe da ƙwaryar ruwa.

"Angona, rowar taka har ta kai kan ruwa?"

"Iya, ai kin rasu."

"Na rasu, ban kurumce ba. Baƙonka na ƙofa tun ɗazu. Wuce mu je."

Muna tafiya ƙofar makaranta tana ja da baya, sai da Iya ta daka mata tsawa ta tsaya. Abokaina na jere a jikinta kafaɗa da kafaɗa, Lurwanu abokin ɗakina a tsakiya. Suna ihu amma ba a jin komai, don harsunansu sun yi tsatsa kamar ƙusar da ta sha damina. Na kira sunansa, ya dube ni kamar bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da ni ba. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

A waje Dakta yana tsaye, harshensa a hannu, naɗe cikin takarda irin ta tsire. Shanu suna wucewa a sama da kansa, suna taka iska saboda babu hanya a ƙasa. Daga kofatonsu hatsi ke zubowa, na gane dawar babana ce.

"Iya, in ya sha zai yi magana. Maganarsa kuwa gonar Baba za ta taka."

"Za ta taka mana. Amma a gidanmu ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa. In ya sha ya faɗa, sai ka ba shi amsa ido da ido. Ko kai ma naka ya yi tsatsar?"

Na lashi bakina, na ji ɗanɗanon ƙarfe. Na leƙa cikin ƙwaryar, sai na ga kwanona shi kaɗai a tsakar ɗaki, da cokali ɗaya.

"Iya, za su dawo?"

Na waiga babu ita, ƙwaryar ce kawai a hannuna, ta yi nauyi, ruwan yana rawa. Na miƙa ta tsakanin ƙarafan ƙofar, Dakta ya fara kwance takardar.

Bugun ƙofa ya tashe ni, jikina sharkaf da gumi. Lurwanu ne, karo na farko da ya yi min magana tun da abin ya faru.

"Tasi'u, mutumin naka ya iso ƙofa. Ka aika a ce ya juya, ka zo mu ci abinci. An zuba har da kai."

Ƙanshin shinkafa da wake ya biyo shi har cikin ɗaki. Bakina har lokacin ƙarfe-ƙarfe yake, wataƙila zazzaɓin ne. Na laluba ƙarƙashin gado na zaro ledar ruwa guda, na raɓa shi na fita. Na ɗan rage tafiya a baranda ko zan ji takunsa a bayana. Ban ji ba.