Muryar Injiniya

"Don Allah sake dubawa," in ji Aku, ya ƙara tura wayar ta ƙarƙashin gilashin shagon.

Mai gyaran waya bai ko ɗago kai ba. Wata wayar ce a gabansa ya farke mata ciki, hayaƙin dalma yana tashi daidai hancinsa.

"Na gaya maka, abin da aka goge, aka ɗora wani a kai, aka kuma gogewa, ya tafi ke nan. Wayar nan ta ga ta kanta. Wa ke ɗaukar bidiyo da ita sai ka ce gidan talabijin?"

"Ni ne."

Sai a lokacin mutumin ya dube shi, nan take fuskarsa ta washe. "Kai! Ba kai ne Aku ba, mai kwaikwayon muryoyi? Jama'a, ku zo ga Aku! Don girman Allah yi mana muryar direban nan mai faɗa da fasinja."

Kafin ka ce me, masu shagunan kusa sun fara leƙowa, wasu har sun soma dariya tun bai buɗe baki ba. Aku ya ɗauki wayar ya kutsa ta tsakaninsu ya fice, wani yana bin sa da cewa suna ya fara hawa masa kai.

Wayar ba tasa ba ce, ta yayarsa ce. Tasa kyamararta ta daɗe da mutuwa, don haka duk bidiyon barkwancin da shi da abokinsa Dogo suka saka a intanet, da wayar Yaya aka ɗauka, kuma Yaya ce ke riƙe ta. Wayar ba ta da wurin ajiya na kirki. Kullum aka zo ɗauka sai ta ce ta cika, kullum kuma Aku ya bi ta da shara: hotuna, saƙonni, duk abin da ba zai ba mutane dariya ba. Yaya ta yi faɗa har ta gaji ta zuba masa ido.

Mijinta mai gyaran wutar lantarki ne, kowa Injiniya yake ce masa. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya fara zance sai ya yi gyaran murya. Makonnin baya tsani ya zame da shi a wani gini, wayarsa ta tarwatse a aljihunsa, shi kuma ko asibiti bai kai ba. Ya bar Yaya da tsohon ciki.

Da farko ta yi kuka kamar kowa. Daga baya kukan ya ɗauke, abinci ma ya ɗauke. Likita ya gaya wa Mama, mahaifiyarsu, ƙiri-ƙiri cewa in aka ci gaba a haka, har abin da ke cikin ba zai tsira ba. Mama ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, kwano yadda ya shiga ɗakin haka yake fitowa. Yau da safe ne Yaya ta buɗe baki, idonta a kan bango.

"Mama, muryarsa ta ɓace min. Ina ganin fuskarsa, bakinsa yana motsi, amma ba na jin komai. Akwai saƙonnin murya da ya taɓa turo min, na duba wayar, babu ko ɗaya."

Ba ta dubi Aku ba da ta faɗi haka. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Daga kasuwar ya hau mota zuwa shagon su Injiniya. Abokan aikinsa suka karɓe shi da mutunci, kowa ya zaro wayarsa yana dubawa. Babu. Babban cikinsu ya girgiza kai.

"Ai ka san halinsa. Kira yake yi, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya kashe. In ka ga ya tura saƙon murya, to matarsa ce."

Aku ya yi godiya ya fito, ya tsaya a bakin titi bai san inda zai nufa ba, sai ga kiran Dogo.

"Kana ina? Taho maza! Na tuna, akwai wanda ya fito a ciki. Ranar da muke ɗauka a tsakar gida ya ratsa ta bayanmu da tsani a kafaɗa, har ya tsaya ya yi magana."

Da gudu Aku ya ƙarasa ɗakin Dogo, inda tarkacen aikinsu yake zube: gemun auduga, tabarau marar gilashi, fitilar da suka ɗaure a jikin sandar tsintsiya. Suka haɗa kai a kan wayar Dogo. Ga Injiniya nan kuwa, da rigarsa ta aiki, ya tsaya yana kallon kyamara cikin jin kunya. Bakinsa ya motsa. Abin da ya fito gyaran murya ne har hawa uku, kamar tsohon janareto yana ƙin tashi, sannan wata murya mai kauri ta ce a kashe fanka, wuta tsada gare ta.

Dogo ya saki baki. Shi Aku tuni ya tuna. Maganar da Injiniya ya yi ran nan ba ta da ban dariya, sai ya cire ta ya ɗora tasa. Mutane sun yi ta yaɗa bidiyon, shi kansa Injiniya ya yi murmushi ya ce yaron nan ba ya jin magana.

"Ina na asalin?" in ji Dogo a hankali.

"Na goge."

Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Yana ganin Yaya za ta bi mijinta, kuma da yatsansa ya taimaka.

Can ya ɗago. "Rufe taga. Kashe fankar nan."

"Me za ka yi?"

"Abin da na iya."

"Aku, wannan ba wasa ba ne fa. In ta gane?"

"In ba ta ci abinci ba fa?"

Dogo ya lulluɓa masa bargo a ka don kada ƙarar titi ta shiga, kamar yadda suke yi in za su ɗora murya. A cikin duhun bargon Aku ya yi ta maimaitawa, gumi yana zuba, yana ɗauka yana gogewa. Bai taɓa sanin muryar nan tana da wuya ba. Duk lokacin da ya kamo ta sai ta zille ta koma ta barkwanci.

Rana ta karkata lokacin da ya shiga ɗakin Yaya. Tana zaune a kan katifa ta jingina da bango, wuyanta ya yi tsawo, cikin ya yi mata girma. Mama na gefe, ga kwano a rufe.

"Yaya, an samu ɗaya. Mai gyara ne ya tono shi."

Ya danna wayar. Gyaran murya sau biyu, sannan: "Ina masu gidan? A buɗe mana, na dawo."

Mama ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suka hau rawa. "Allahu akbar. Shi ne. Wallahi shi ne."

Yaya ba ta motsa ba. "Ƙara kunnawa."

Ya ƙara. Ta rufe ido ta saurara har ƙarshe.

"Aku."

"Na'am, Yaya."

"Kai ne."

Ya sunkuyar da kai yana jiran duk abin da zai biyo baya, mari ne ko kora. Mama ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ka cika gyaran muryar," in ji Yaya, har yanzu idonta a rufe. "Sau ɗaya yake yi, shi ma a hankali. Na biyun nan naka ne, na neman dariya. Kuma ba ya cewa masu gida. Ba ya ɗaga murya haka in ya san ina kwance. Cewa yake yi..."

Ta tsaya. Ta karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Hawayen da suka ƙafe tun tuni suka gangaro, ba ta share ba.

"Cewa yake yi, 'Ko an yi barci ne?' Ƙasa-ƙasa. Ƙarshen yana sauka, ba ya hawa."

Aku ya gwada. "Ko an yi barci ne?"

"A'a. Ka yi sauri. Shi ba ya sauri a komai."

Ya sake.

"Ta hanci kake yi. Daga ƙirji take fitowa." Ta buɗe ido ta dube shi, karon farko tun ranar rasuwar. "Kai da ake cewa babu muryar da ta gagare ka? Tashi ka fita. Ja ƙofar, ka ƙwanƙwasa tukuna. Da bayan yatsa, ba da tafin hannu ba."

Ya fita ya ja ƙofar. Ya tsaya a barandar yana kallon katakon. Ya sha tsayawa gaban kyamara da gemun auduga ba tare da ko ɗar ba, amma ban da yau. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai ya jiyo muryar Yaya daga ciki, a dashe, a gajiye.

"Mama, miƙo min kwanon nan. Yaron nan zai daɗe bai iya ba."